Garin Neman Gira: Nasiha ga 'Yata Sabuwar Ungozoma

'Yata, barka da gama karatu. An ce ɗakin haihuwa aka tura ki. Allah ya sanya albarka, ya ba ki hannu mai sa'a. Aiki ne na lada, sai dai yana cin barci.

Akwai wata magana da za ki riƙa ji. A wurin bita za a faɗe ta, a takardun ofis za ki gan ta, a Facebook ma ba za ki rasa ta ba. Cewa ake tiyatar haihuwa ta yi yawa a duniya, a rage. Ban ce ƙarya ba ne. Masu faɗar ma ba mugaye ba ne, yawancinsu alheri suke nufin mata da shi. Sai dai na bi labarin inda maganar nan ta kai wasu mutane. Shi ya sa nake so mu ɗan zauna a kanta. Ba sauri muke ba.

Tushenta a 1985 yake. A shekarar ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a birnin Fortaleza na ƙasar Birazil. Suka duba ƙasashen da mata da jarirai ba sa yawan mutuwa wajen haihuwa, galibi na arewacin Turai, suka ga tiyatarsu ba ta da yawa. Sai suka ce babu dalilin da zai sa wani yanki na duniya ya haura kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Ki lura, yanki suka ce. Ba su ce asibiti kaza ba, balle mace kaza. Amma kin san halin magana, da ta bar bakin mai ita sai ta yi ƙafa. Adadin nan ya shiga littattafan karatu, ya shiga ofis, ya hau allon bango. A hankali ya zama abin auna ƙwazon asibiti.

Kuma gaskiya akwai wuraren da abin ya wuce gona da iri. A Birazil da Masar da Turkiyya, fiye da rabin haihuwa ta tiyata ake yi. A 2021 Hukumar ta ce kashi 21 cikin 100 na jariran duniya ta haka suke zuwa. Wani wuri kuɗi ke jawo hakan. Wani wuri likita ke son tsara lokacinsa. Wani wuri tsoron kotu ne. Tiyata kuwa ba wasa ba ce. Ana asarar jini. Ɗinki na iya yin ruwa. Tabon da aka bari a mahaifa yana nan yana jiran ciki na gaba. Mabiyiya na iya sauka ta tare hanya, ko ta manne a tabon ta ƙi fita, har a kai ga cire mahaifar ɗungurungum. Kowane aiki yana ƙara wa na gaba haɗari. Ga macen da ke fatan 'ya'ya shida ko bakwai, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Duk na yarda da wannan. Kada gobe ki ce Goggo ta zama dillaliyar wuƙa.

To, yanzu ki ji abin da ya faru a Ingila. Da gangan na zaɓe ta. Ƙasa ce da ba a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ba a tura miji neman ledar jini da dare. Idan abu ya ɓaci a irin wannan wuri, ba za a ɗora wa rashin janareta ba.

A 2005 babbar ƙungiyar ungozomomin Birtaniya ta fara gangamin ƙarfafa wa mata gwiwa su haihu da kansu. Niyya mai kyau ce. Sun ga ana saurin kai mata ɗakin tiyata, sun so a dawo wa naƙuda da mutuncinta. Masu kula da asibitoci kuma suka riƙa kwatanta adadin tiyatar wannan da na wancan. Wanda nasa ya yi ƙasa a yaba masa. Wanda nasa ya yi sama a tambaye shi dalili.

Alama ta farko ta fito daga asibitin Furness da ke garin Barrow. Wani likita mai suna Bill Kirkup ya binciki abin da ya gudana a can daga 2004 zuwa 2013, ya fitar da rahoto a watan Maris na 2015. Ya ce jarirai 11 da uwa ɗaya da ana sa ran za su rayu, da an kula da su yadda ya kamata. Cikin dalilan da ya kawo akwai wasu ungozomomi da suka ɗaura ɗamarar sai mace ta haihu da kanta ko ta halin ƙaƙa. Ga kuma rashin jituwa tsakaninsu da likitoci. Sai ya zama kiran likita tamkar faɗuwa ce.

Babban kuwa yana tafe. A asibitocin Shrewsbury da Telford, wasu iyalai biyu sun rasa jariransu mata, ɗaya a 2009, ɗaya a 2016. Suka ƙi yin shiru. Suka yi ta tattara labaran wasu iyayen har gwamnati ta sa a yi bincike a 2017. Wata babbar ungozoma, Donna Ockenden, aka ba aikin. Da iyalai 23 aka fara. Kafin a gama sun kai 1,486. Rahoton ƙarshe ya fito ranar 30 ga Maris, 2022. Ya ce jarirai 201 da iyaye mata tara da wataƙila suna raye, da sun sami kulawa ta gari. Ban ƙidaya waɗanda suka rayu da taɓuwar ƙwaƙwalwa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Shekara da shekaru adadin tiyatar asibitocin nan yana ƙasa da na sauran Ingila da kashi 8 zuwa 12 cikin 100. Kuma alfahari suke da hakan. Ana yabonsu. A ƙarƙashin yabon kuwa ga abin da ke gudana: ana ƙara wa mata ruwan naƙuda fiye da kima, ba a sauraron bugun zuciyar jariri yadda ya dace, ana sa ƙarfen jawo kai ana ja da ƙarfi, a sake ja, har ƙoƙon kan wasu jarirai ya tsage. Mata na roƙon a yi musu aiki ana ce su ƙara haƙuri. Wasu ma bayan an yi rashin, su aka ɗora wa laifi. Rahoton bai ce ƙin tiyata kaɗai ne sanadi ba. Ya ambaci ƙarancin ma'aikata, da ƙin bincike idan an yi asara, da ƙin sauraron iyaye. Amma son ƙaramin adadi yana cikin jerin, ba a ɓoye shi ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Kada ki ɗauka miyagun mutane ne suka yi wannan, 'yata. Da haka ne da abin ya zo da sauƙi, sai a kore su a huta. Mutane ne irinmu. Sun shiga aikin ne don son mata da jarirai. Babu wadda ta taɓa cewa a bar wance ta mutu don lissafinmu ya yi kyau. Ba haka abin yake zuwa ba. A hankali yake zuwa, da muryar tausayi.

Ga yadda yake zuwa. Dare ya raba. Mace tana kan gado tun jiya. Bakin mahaifa ya tsaya wuri ɗaya, awanni sun shuɗe bai motsa ba. Bugun zuciyar jariri yakan sauka ya dawo. A ranki kin fara jin wani abu. Sai kuma wata murya ta ce miki: wannan watan mun riga mun yi aiki da yawa, gobe a taron safe za a tambaya. Bari mu ƙara mata awa ɗaya. Bari mu ɗan ƙara gudun ruwan. Bari mu ga abin da hali zai yi kafin a taso likita. Kowane ɗaya cikin waɗannan "bari" yana da hujjarsa. Sau da yawa ma sai a dace, ta haihu lafiya, a ce ai ga shi nan. Dacen nan shi ke ƙara wa mutum ƙarfin hali. Kamar mai girki ce da kullum ake yabonta da tattalin itace. Yau ta rage ɗaya, gobe ta rage biyu, tuwo na nuna. Wata rana za ta sauke shi ɗanye, ranar kuwa akwai baƙi.

Ki san abin da awa ɗayan nan ke ci. Duk lokacin da mahaifa ta murɗa, jinin da ke kai wa jariri iska yana raguwa. Idan ta saki sai ya huta. Ruwan naƙuda idan ya yi yawa, murɗawar na bin juna ba hutu. Jariri ya rasa lokacin maida numfashi. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure rashin iska, kuma abin da ya mutu a cikinta ba ya dawowa. Yaron da zai yi gudu a tsakar gida sai ya zama na goyo har girmansa. Uwar kuma, idan an kai ga jawo kai da ƙarfe ko da kofin zuƙa a kan dole, tana iya yagewa har dubura, ta dawo ba ta iya riƙe iska ko bayan gida. Ba kowa za ta faɗa wa ba. Kayan nan suna da amfaninsu a hannun gwani, a lokacin da ya dace, sun ceci rayuka da yawa. Matsalar ita ce a ɗauke su don gudun ɗakin tiyata kawai. Ko tiyatar ma, wadda aka yi bayan kai ya nutse cikin ƙugu ta fi wadda aka yi da wuri wuya da zubar jini. Ka ga an yi gudun aiki, an zo an yi shi a mafi munin lokaci.

Akwai wata fuskar kuma, ta ɓoye wa mace gaskiya. A yankin Scotland an yi wata shari'a da ake kira ta Montgomery. Mace ce ƙarama a jiki, mai ciwon suga, cikinta kuma da babban yaro. A irin wannan hali haɗarin kafaɗar yaro ta maƙale bayan kai ya fito yakan kai kashi 9 zuwa 10 cikin 100. Likitarta ta sani, ba ta gaya mata ba. Dalilinta, in an gaya wa mata irin haka yawancinsu tiyata za su zaɓa, ita kuma tana ganin ba ita ta fi musu ba. A 1999 aka zo haihuwa, kafaɗar ta maƙale, yaron ya fito da taɓuwar ƙwaƙwalwa. Sai a 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci: dole a gaya wa marar lafiya duk haɗarin da mai hankali zai so ya sani, da sauran hanyoyin da ake da su, sannan ta zaɓa. Likitar nan ma alheri take nufi. Amma ta yi zaɓi a madadin wadda za ta yi renon.

Daga baya duk an gyara magana. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake bayani, ta ce a yi iya ƙoƙari a yi wa duk mai buƙatar tiyata, maimakon bin wani adadi. A 2017 ƙungiyar ungozomomin ta sanar cewa ta ajiye gangaminta. A watan Fabrairun 2022 hukumar lafiyar Ingila ta rubuta wa asibitoci cewa su daina auna ƙwazo da adadin tiyata. Yanzu nasu ya haura kashi 40 cikin 100, suna ta muhawara a kan hakan ma. Wannan tasu ce.

Mu dawo gida. Za ki ce, Goggo, mu ina ruwanmu, mu da ko asibitin ba kowa ke zuwa ba? Ai a nan ruwan namu yake. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna haihuwa ta tiyata ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba, a Arewa ma ta fi haka ƙanƙanta. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara gaba ɗaya kusan kashi 5 ne. Ciwonmu rashi ne, ba yawa ba. Idan kika ɗauko maganin Birazil kika ba mace a ƙauyen Jigawa ko na Damagaram, an je neman ƙiba an samo rama. Ban ce babu asibitin kuɗi a manyan biranenmu da ke saurin ɗaukar wuƙa ba. Akwai, kuma a yi musu magana. Amma kada laifinsu ya hau kan wadda ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki.

Kuma mu ma muna da namu gangamin rage tiyatar, ba a dai rubuta shi a takarda ba. A baki yake. "A gidanmu ba a yanka mu." "Wance raguwa ce, sai da aka yi mata aiki." "Mu da muka haifi goma a ɗaki, ko tari ba a ji ba." Uwar miji ta faɗa, kishiya ta yi murmushi, maƙwabta su ɗauka. Sannan ga aljihun maigida. Sannan ga jiran wanda zai sa hannu, shi kuwa yana kasuwar wani gari, wayarsa a kashe. Masu faɗar nan ma ba ƙiyayya ba ce. Sun ga an shiga da mata ɗakin tiyata an fito da gawa, tsoronsu na da tushe. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda ya haɗa ƙasashen Afirka 22, ya nuna mutuwar uwa bayan tiyatar haihuwa ta ninka ta ƙasashe masu arziki kusan sau 50. Amma ki duba da kyau. Mafi yawan aikin na gaggawa ne. Mace ce ake kawowa ta riga ta galabaita, jini ya zuba, jiki ya yi zafi. Wuƙar ake gani, ba a ganin kwana biyun da suka gabace ta. Sai tsoro ya ƙaru, ta gaba a ƙara jinkirta ta, ita ma a kawo ta a makare. Haka abin ke zagayawa.

Wadda ta tsira da rai kuma, kin san inda wasunsu ke ƙarewa. Kan yaro ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashi, naman wurin ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube, fitsari ya kama yoyo. Yaron galibi ba ya zuwa da rai. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Idan kin sami hali ki je Babbar Ruga a Katsina, inda likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya shafe shekaru yana ɗinke irin waɗannan mata. Ki zauna da su ki ji. Mafi yawansu aikin da bai fi awa ɗaya ba ne ya wuce su. Shi ya sa Nijar ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta tun 2005, Najeriya ma a ƙarshen 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da irin haka ga mata masu ƙaramin ƙarfi. Sanarwa daban, isarta gadon marar lafiya daban. Amma ki nemi sanin ko asibitinku na ciki, don ki iya gaya wa miji tun kafin ya fara lissafi a tsaye.

To me nake so ki yi? Ba na so ki zama mai tsoron naƙuda. Mafi yawan mata da kansu za su haihu, lafiya lau, in an ba su lokaci da ruwan sha da fuska mai fara'a. Ki bar mace ta yi tafiya, ta juya yadda jikinta ke so. Ki bar wata tata ta zauna kusa da ita, wannan kaɗai an gano yana rage buƙatar tiyata. Kada ki kira farkon naƙuda doguwar naƙuda. Irin wannan ragewar ita ce mai albarka, domin da kanta take zuwa, ba a bin ta da gudu. Idan ma ana son a san ko asibiti na wuce iyaka, akwai tsarin Robson da ke kasa mata gida goma, a kwatanta mai cikin fari da mai cikin fari, mai tabo da mai tabo. Babban asibitin da ake turo wa duk wadda ta gagara dole adadinsa ya yi sama. Wannan ba abin kunya ba ne, aikinsa ke nan.

Amma ki riƙe takardar bin naƙuda da gaskiya. Ki cike ta a lokacin, ba bayan an haihu ba. Bugun zuciyar jariri tsakanin 110 da 160 yake a minti. In ya fita daga nan, ko faya ta fashe kika ga ruwan ya yi kore da kauri, ko kai ya ƙi sauka alhali ciwo na ta ƙaruwa, ki kira na gaba da ke. Ko zai yi tsaki, ki kira. Tsakin likita da safe ya wuce. Mai tabon aiki kuma da ke son gwada haihuwa da kanta, tana iya dacewa, kusan uku cikin huɗu na dacewa. Sai dai kusan ɗaya cikin 200 tabon kan fashe, ruwan naƙuda kuma na ƙara haɗarin. Wannan gwaji na inda ke da ɗakin tiyata a buɗe ne da jini a ajiye. Ba na ɗakin uwar miji ba ne, ba kuma na ƙaramin asibitin da likita ke zuwa ranar kasuwa ba. Ki gaya mata duka biyun, daɗin da ɗacin.

Ki saurari mace idan ta ce wannan ciwon ba irin na da ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matanmu kuma an hore su da kunya, musamman a ɗan fari. Wadda ta buɗe baki ta yi ƙara, ki san abin ya kai.

Sauran aikin tun a wurin awo ake yin sa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda kika ga yaronta a gicciye, ko mabiyiya a ƙasa, ko yarinya ce ƙarama da ƙugu bai gama buɗewa ba, ki sa a kira mijin tun ciki na wata bakwai. Ki zaunar da shi cikin mutunci. Ki ce, Malam, muna fatan ta sauka da kanta, amma in hali ya yi, wa zai sa hannu idan ba ka nan? Wa zai ba da jini? Motar wa za a kira da dare? Idan uwar miji ce mai faɗa a ji, ita za ki nema. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce Hajiya, jikanki muke so ya zo da ransa. Da wuya ki ga tsohuwar da za ta ƙi wannan.

In an yi aikin kuma, ki je gadonta ki yi mata barka da baki cike, a gaban danginta. Ki ce sannu da ƙoƙari, kin haihu. Ki ja kunnen masu wankan jego su bar ɗinkin ya warke, kada a danna shi da ruwan zafi. Ki rubuta mata dalilin aikin a katinta, da irin yankan da aka yi, ki ce ta adana shi, ta ba da tazara kafin wani cikin, kuma na gaba a asibiti za ta haife shi. Wata ungozomar ce za ta karɓe ta ran nan, wataƙila a wani gari, kuma katin ne kaɗai zai gaya mata abin da ke ƙarƙashin zanen.

Ki gaishe mini da abokan aikinki. In kin sami hutu ki leƙo.